Yaƙin Kwatarkwashi da Faɗuwar Sakkwato, 1903

Gabatarwa

Masu nazarin zuwan Nasara ƙasar Hausa sukan fi mai da hankali ga faɗuwar Kano da yaƙin Giginya, su ƙetare abin da ya auku tsakani. A wannan takarda muna so mu nuna cewa artabun da aka yi kusa da dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Zamfara, yana daga cikin abubuwan da suka yanke makomar Sakkwato tun kafin sojan Ingila su hango ganuwarta.

Yadda aka kai ga yaƙin

Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru. Sarkin Kano Aliyu Babba ya tafi Sakkwato yin mubaya'a tare da manyan hakimansa da mayaƙa masu yawa. Yana can Kanar Morland ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Da labari ya riski ayarin a hanyar komowa, sai shawara ta rabu. Sarki ya rabu da jama'a da dare ya yi arewa. Wambai Abbas ya ja wani sashe zuwa Kano don neman sulhu. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi.

Artabu

A ƙarshen Fabrairu rundunar Waziri ta yi karo da wani ɗan ayarin sojan doki ƙarƙashin hafsan Ingila Wallace Wright. Bisa ƙiyasin Turawa, mutanensu ba su kai 50 ba, Kanawa kuwa dawaki 1,000 da dakaru 2,000, kuma an yi sa'a biyu ana gwabzawa. Ya kamata mu karɓi adadin Kanawa da hattara, domin mai nasara ne ya ƙidaya. Sojan sun sauka daga dawaki sun yi sahu mai kusurwa huɗu, ta yadda duk inda barade suka ɓullo harsashi ne ke tarbarsu. Mashi da takobi ba su amfani sai an haɗa jiki, bindiga kuwa ta hana haɗuwar. Duwatsu da sarƙaƙiyar wurin sun dace da kwanton ɓauna, amma tarbiyyar barde ita ce sukuwa gaba da gaba. Nan Waziri ya faɗi, shi ne ake kira Mai Shahada.

Sakamako

Da wannan runduna ta watse, Nasara suka doshi Sakkwato ba su fargabar abin da zai biyo su ta baya. Ran 15 ga Maris birnin ya faɗi. Zaɓin nan uku da ya raba Kanawa, wato yaƙi, hijira ko sulhu, shi ne ya sake fuskantar mutanen Sakkwato a Marnona, ƙasar Wurno. Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli. Waziri Buhari ya koma ya yi sulhu don tsare addinin jama'ar da ba ta da ikon ƙaura.

Kammalawa

A ganinmu ba fifikon makami kaɗai ya ba Nasara galaba ba. Daular ba ta da runduna guda ta dindindin, kowace masarauta ta tari abokin gaba ita kaɗai. Aikin da ya rage mana shi ne tattara labaran baka daga Wurno, Rabah da Goronyo, mu auna su da rahotannin Turawa.