Tarihin Tafiyar Yaranmu Turai Neman Ƙwallo da Dokar Shekara 18

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, tafiya neman arziki ba baƙuwar aba ba ce ga mutumin ƙasar Yawuri. Tun zamanin da, ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja ta nan suke ratsawa su haye Kwara, kuma kowane ayari da madugunsa wanda ya san hanya, ya san zango. Yanzu kuwa wani fatauci ya shigo kan yaranmu. Daga Yelwa zuwa Wara har Shanga, duk yaron da ya iya taɓa ƙwallo burinsa Turai. Ya kamata mu san tarihin wannan hanya, domin waiwaye adon tafiya.

Ƙofar ta fara buɗewa sosai ne a 1985, lokacin da yaran Nijeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, bayan sun doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. Daga nan idon kulob-kulob na Turai ya dawo kanmu. A 1991 Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, ya bar Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Roda JC a ƙasar Holan, daga baya ya koma Ajax a 1996. Da aka sake cin kofin yara a Japan a 1993, sai Ajax ta ɗauki Nwankwo Kanu, Anderlecht ta Beljiyam kuma ta ɗauki Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna, a 1994 yana ɗan shekara 16. Dukansu uku suna cikin waɗanda suka ciyo lambar zinariya a Atlanta a 1996.

To, amma ba kowa ya dace ba. Philip Osondu, wanda aka zaɓa gwarzon gasar yara ta 1987 a Kanada, shi ma Anderlecht ya je, amma bai sami gindin zama a babbar ƙungiyarta ba. Shi ma an san sunansa ke nan. Akwai yara da yawa daga ƙasashen Afirka waɗanda dillalai suka kwashe da alkawarin gwaji, da gwajin bai yi ba aka watsar da su a titi, ba takarda, ba kuɗin komawa gida.

A Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan ƙarar wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman. Ta ce ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa wani kulob a wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Wannan hukunci ya girgiza kasuwar 'yan wasa, ya sa neman yara masu araha daga nesa ya ƙara zafi. Saboda haka a 2001 hukumar FIFA ta sake tsara dokokinta, ta kafa ƙa'idar da aka sani da sashe na 19: ba a ɗaukar ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata sai ya cika shekara 18.

Daga cikin kafofin da dokar ta bari akwai guda uku. Ta farko, idan iyayen yaro sun ƙaura don wani dalili wanda ba ƙwallo ba. Ta biyu, idan gidansu da kulob ɗin duka ba su wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba. Ta uku, idan a tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne, to daga shekara 16 ana iya tafiya. Wannan ta ukun ce ta raba yaran duniya gida biyu. Dubi yaran Amurka. Christian Pulisic ya fara wasa a ƙungiyar matasan Borussia Dortmund ta Jamus a 2015 yana ɗan shekara 16, domin ya sami fasfo na ƙasar Kuroshiya ta wajen kakansa. Ben Lederman kuwa, wanda yake makarantar horon Barcelona tun yana ƙarami, an dakatar da shi daga wasa bayan FIFA ta hukunta kulob ɗin a 2014. Chelsea ma ta sha irin wannan hukunci a 2019, haka Spezia ta Italiya a 2021, ita kuwa a kan yaran Nijeriya ne.

Ɗan Yawuri ba shi da kaka a Kuroshiya, don haka hanyarsa ita ce haƙuri. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya saye shi, amma dole ya jira har 14 ga Oktoba 2010, ranar da ya cika 18, kafin ya buga masa wasa. A nan jiharmu ta Kebbi ma muna da misali. Zaidu Sanusi, wanda aka haifa a Jega a 1997, a gida ya taso da ƙwallonsa, sai da ya kai munzali ya tafi Fotugal. Ya yi ta fama a ƙaramin kulob na Mirandela, ya koma Santa Clara a 2019, sannan Porto a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya jefa wa Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Mahaƙurci mawadaci.

Abin lura a nan shi ne, dokar ta bar mana yaro a hannunmu har ya shekara 18, wato daidai shekarun sakandare. Ban da haka, ta tanadi ladan horo ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12, da kuma kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayensa duk lokacin da aka sayar da shi wata ƙasa yana cikin kwantiragi. Amma wannan haƙƙi na ƙungiyar da ke da rajista ne, wadda ta rubuta sunan yaron a hukumance. Ƙungiyar unguwa marar takarda, ko ta yi shekara shida tana sayen takalma, ba ta da abin nunawa. Haka kuma takardar haihuwa ta gaskiya. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga wasannin matasa saboda saɓanin shekarun wasu 'yan wasa, kuma tun 2009 ana auna ƙashin wuyan hannun yara da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17.

Saboda haka, 'yan uwa, aikin yana wuyanmu. Mu gyara filin makarantarmu, mu farfaɗo da gasar makarantu tsakanin Yawuri da Ngaski da Shanga, mu taimaki ƙungiyoyin garuruwanmu su yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha. Duk uban da wani ya zo masa da zancen kai ɗansa mai shekara 15 Turai, har yana neman a sayar da gona ko jirgin kamun kifi, to ya sani dokar duniya ba ta yarda da wannan tafiya ba. Yaro ya gama karatunsa, ya riƙe takardarsa, in rabo ya kira shi ya tafi da madugu na gari. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ɗaukaka makarantarmu, amin.