Albarushi Iri Biyu Ne: Tarihin Ɗurin Bindiga

Duk wanda ya taɓa bin motar goro cikin ƙauyukan ƙasar Yarbawa ya san maharbin da ke fitowa daji da asuba, fitila a goshi, doguwar bindigar toka a kafaɗa, gada ko gyazbi a hannu. Mun saba ganinsa har mun daina tambayar inda bindigar nan ta samo asali. To, tarihinta yana da abin da zai tsare yatsun 'ya'yanmu.

Albarushi baƙi daga ƙasar Sin ya fito, shekara fiye da dubu ke nan. Haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. Ta hanya biyu ya iso mana. Ta hamada, Mai Idris Aloma na Barno ya samu maharban bindiga Turkawa tun ƙarni na 16. Tarihin Kano kuwa ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Ta teku kuma, fataken Turai suka yi ta sauke bindigogi masu ƙanƙara a gaɓa, suna musayarsu da bayi, daga baya da manja. Sunan da ake kiranta da Turanci daga mutanen Danmak ya samo asali, masu sansanin ciniki a Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake akasarinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙerawa.

Wannan bindiga ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma ko ɓawo, a daddanna da sanda, sannan a sa darma ko guntayen ƙarfe. Ma'auninta kuwa yatsu ne: maharbi ya dubi tsawon da sandar ta rage a waje, ya ce ɗurin yatsa uku ne ko huɗu. Da irinta aka soma yaƙin Kiriji tsakanin Ibadan da Ekiti da Ijesha daga 1877 zuwa 1893, kafin mutanen Ekiti su samo bindigogin zamani ta hannun 'yan'uwansu da ke Ikko.

Ana cikin wannan yaƙi duniya ta juya. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya haɗa sabon albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na baƙin wajen sau uku. A 1889 Ingilishi suka fito da nasu. Sai ga shi a 1890 Turawa sun zauna a Burusal, suka ƙulla cewa kada a sayar wa baƙar fata bindigar zamani, sai dai mai ƙanƙara da albarushi baƙi. Wato su suka wuce gaba, mu aka bar mu da tsohon yayi. An ga sakamakon a Ijebu a 1892, an kuma gani a Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan maƙeranmu suka ci gaba da ƙera tsohuwar da ƙarfen da ya samu, har da bututun ruwa.

A Amurka har gobe akwai maharban barewa masu ɗura harsashinsu da hannu. Sukan tara kwanson da suka harba, su sake cika shi. Amma su ba yatsa suke aunawa da shi ba. Sikeli gare su mai auna abin da bai kai ƙwayar shinkafa nauyi ba, ga littafin da masu yin albarushin suka buga, mai faɗin wane iri ya dace da wace bindiga. Domin marar hayaƙin kansa iri-iri ne, wani mai saurin ci ne, wani a hankali yake ci, kuma kuskuren ɗan kaɗan yana fasa bindigar da kamfani ya ƙera da ƙarfe mai kyau, balle bututun ruwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Mun ga yaro a unguwar nan da ya farke harsashin zamani, ya juye garin cikin bindigar toka, ya auna da yatsu yadda ya ga manya na yi. Bindigar ta tarwatse a hannunsa. Allah Ya yi da sauran kwana, amma hannun dama bai koma daidai ba. A ganinsa albarushi duk ɗaya ne, alhali wannan na wani zamani ne, wancan na wani.

Saboda haka muna kira ga iyaye da shugabannin mafarauta: a gaya wa yara kada su kuskura su haɗa biyun nan. A kuma tuna dokar 1959 ta ɗora riƙe bindiga a kan lasisi, mu kuwa baƙi ne a ƙasar mutane, laifin ɗaya kan shafi Sabo gaba ɗaya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.