Yadda Kayan Kiɗan Lantarki Suka Sami Harshe Ɗaya

Wanda ya juya fiyanon lantarki irin na majami'a ya duba bayansa, sau da yawa yakan tarar da kafofi biyu ko uku masu da'ira, kowace da ƙananan huji 5, an rubuta MIDI a kansu. Yawancin makaɗa ba su taɓa sa kome a ciki ba. Amma matsalar da waɗannan kafofi suka warware tsohuwa ce, a majami'a kuwa aka daɗe ana shan wahalarta.

A manyan majami'un Turai akwai ogan mai bututu ɗari-ɗari, wani ma dubbai. Mai kiɗa yana zaune a gaban maɓallai, muryar kuwa tana fitowa daga bututun da ke can sama. A dā da sanduna da siraran katako ake haɗa kowane maɓalli da bututunsa, har ya zama in ogan ya yi girma, danna maɓalli kan so ya gagari yatsa. Wani Bature na Ingila, Charles Barker, ya ƙago hanyar da iska za ta taimaki yatsa, aka yi aiki da ita a ogan na majami'ar Saint-Denis ta Faransa a 1841. A shekarun 1880 kuma Robert Hope-Jones, wanda injiniyan tarho ne, ya sa wayar lantarki a ogan na majami'ar Yohanna Mai Tsarki a Birkenhead, har ana iya kai maɓallan nesa da bututun. Hannu a wuri ɗaya, murya a wani wuri, saƙo ne kaɗai ke tafiya tsakaninsu.

Sa'ad da Robert Moog ya fara ƙera injunan haɗa sauti a Amurka a shekarun 1960, da ƙarfin lantarki maɓallai ke gaya wa inji muryar da zai fitar. A tsarinsa, ƙarin bolt 1 yana ɗaga murya hawa guda, wato daga do zuwa do na sama. Amma Korg da Yamaha na Japan suka bi wani lissafi dabam. In aka haɗa na wannan da na wancan, sai muryoyin su karkace. Da injunan suka sami ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin ya ƙara lalacewa, gama kowane kamfani ya ƙago nasa harshen. Labarin hasumiyar Babila ke nan, sai dai a nan 'yan kasuwa ne suka dagula harshen da hannunsu. Wanda ya sayi kayan kamfani ɗaya ya ɗaure kansa gare shi.

A 1981 Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland, ya fara neman a daidaita. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Kalifoniya ya karɓi zancen, a watan Oktoba na shekarar shi da Chet Wood suka gabatar da takarda a taron injiniyoyin sauti a New York. Ba kowa ya yi na'am ba. Kamfanonin Japan, wato Roland da Yamaha da Korg da Kawai, su ne suka tsaya tare da Smith. A watan Janairu na 1983, a baje kolin NAMM, aka ja waya daga Prophet-600 na Sequential zuwa Jupiter-6 na Roland. Aka taɓa wannan, wancan ya amsa. A watan Agusta aka buga ƙa'idar, ba a kuwa ɗora wa kowa kuɗin amfani da ita ba. Wannan ne ya raya ta. Da sun ce sai an biya, da kowa ya koma ga nasa. An ba mutanen nan biyu kyautar Grammy ta fasaha a 2013. Kakehashi ya rasu a 2017, Smith kuma a 2022.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, babu sauti ko kaɗan a cikin wayar MIDI. Umurni ne kawai take ɗauka: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Kowace murya tana da lamba daga 0 zuwa 127, do na tsakiya shi ne 60. Ƙarfin dannawa ma haka ake auna shi. Saƙon murya guda yana wucewa cikin kusan kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 16, ta bi hanya ɗaya tak, kada kuwa tsawonta ya wuce mita 15.

Daga nan aka sami abin da za a iya kira beben fiyano: maɓallai ne zalla, ba murya a cikinsa, sai an haɗa shi da akwatin sauti ko kwamfuta. Ma'ajin ikilisiya da ya ga arha ya saye shi ba tare da tambaya ba, ran Lahadi zai ga mai kiɗa yana ta dannawa majami'a tsit. Haɗawar ba wuya, amma a nan mutane ke tuntuɓe. Waya tana fita daga kafar da aka rubuta OUT a jikin bebe, ta shiga kafar IN ta akwatin sauti. Hankali yakan raya wa mutum ya haɗa OUT da OUT domin sunan ɗaya ne, baki da baki ke nan, ba kunne. Kafa ta uku, THRU, tana miƙa abin da ya shigo ga inji na gaba. Sa'an nan tilas tashar mai aikawa da ta mai karɓa su zama ɗaya. Daga akwatin ne ake jan wata waya dabam zuwa lasifika. In kuwa wani yaro ya taka waya ta zare alhali an danna maɓalli, saƙon sakewa ba zai isa ba, muryar za ta yi ta kuka cikin addu'a har a kashe ta. Domin haka injuna da yawa suke da maɓallin da ke tsai da dukan muryoyi nan take.

Saura matsala ɗaya. Lambar da ke kiran ogan a wannan inji tana iya kiran kakaki a wancan. A 1991 aka fito da General MIDI, aka jera kayan kiɗa 128: lamba 1 fiyano, lamba 20 ogan na majami'a, tasha ta 10 kuma ta ganguna.

Jerin nan ya nuna waɗanda suka zauna a taron. Akwai koto da shamisen na Japan, akwai sitar na Indiya, akwai kalimba daga Afirka. Cikin kayan bugawa akwai agogo, ba mai nuna lokaci ba, ƙararrawar Yarabawa ce da ta bi ta Barazil. Babu goge, babu gurmi, babu kalangu. Ba sunan kaɗai ya ɓace ba. Lambobin nan matakan fiyanon Turai ne, 12 a kowane hawa, kalangu kuwa a hammata yake sauya murya, yana zamewa tsakanin matakai kamar maganar mutum. Akwai wata 'yar ƙafa ta lanƙwasa murya a gefen maɓallai, amma a tsohuwar ƙa'ida takan lanƙwasa dukan muryoyin tashar gaba ɗaya. Ƙungiyar mawaƙa da ta ajiye gangunanta da tulun kiɗanta domin fiyano yana da nasa a ciki, ta yi musayar da ba riba, ko da kiɗan ya fito tsaf.

Tun 1999 aka tsara yadda saƙon zai bi ta kafar USB, shi ya sa ƙananan fiyano da yawa ba su da kafa mai huji 5. Irin wannan kafa tana neman kwamfuta ko wayar hannu a ɗaya gefen, ba a haɗa fiyano biyu da ita kai tsaye sai da akwatin tsakani. A 2020 aka amince da MIDI 2.0, wadda ta ba injuna biyu damar tambayar juna, ta kuma ba kowace murya lanƙwasarta. An tsara ta yadda sabon inji zai koma tsohon harshe in ya gamu da wanda bai san sabon ba, har Prophet-600 na 1983 yana iya amsa wa beben fiyanon da aka ƙera bayansa da shekara 40.