Majalisar da Ta Ƙwaci Iko da Cewa A'a

A watan Yulin 1979, wakilai 410 daga ƙasashe tara suka hallara a birnin Strasbourg na Faransa suka zaɓi Simone Veil, matar da ta tsira da ranta daga sansanin gwale-gwale na Auschwitz, a matsayin shugabarsu. Wannan ne karo na farko da al'ummomin ƙasashe dabam-dabam suka zaɓi majalisa guda da ƙuri'unsu kai tsaye. Sai dai a ranar Majalisar Dokokin Turai ba ta da ikon kafa ko doka ɗaya. Shawara kawai ake nema a wurinta, ministocin ƙasashe kuma su yanke abin da suka ga dama.

Asalinta ya koma 1952, lokacin da Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luxembourg suka haɗa harkar kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya, don kada kayan ƙera makamai su sake zama sanadin yaƙi. Aka kafa majalisa mai wakilai 78 ta riƙa sa wa hukumar ido, dukkansu aro daga majalisun ƙasashensu. Yarjejeniyar Roma ta 1957 ta yi tanadin cewa wata rana za a zaɓe su kai tsaye, amma alkawarin ya kwana fiye da shekara ashirin. Shugaban Faransa Charles de Gaulle bai yarda wata majalisa ta yi gogayya da gwamnatocin ƙasashe ba, har ƙasarsa ta ƙaurace wa zaman ministoci a 1965, kuma batun ƙara wa majalisar iko kan kuɗi na cikin abubuwan da suka jawo rikicin. Sai a 1976 aka amince da dokar zaɓen.

Kafin zaɓen, yarjejeniyoyin 1970 da 1975 sun ba majalisar wani ɗan makami: tana iya watsi da kasafin kuɗi gaba ɗayansa. Sababbin wakilan ba su yi wata shida a kujera ba suka zare shi. A Disamban 1979 suka ƙi amincewa da kasafin 1980, suna ƙorafin cewa tallafin noma ya cinye mafi yawan kuɗin. A shekarar da ta biyo, Kotun Turai ta soke wata ƙa'ida da ministoci suka zartar kan wani nau'in sukari, saboda ba su jira ra'ayin majalisar ba. Wakilan suka gane cewa wanda dole a jira shi yana iya jan lokaci, kuma jan lokaci ma ciniki ne.

Hujjarsu a kowace tattaunawa ɗaya ce: tunda gwamnatoci na miƙa ƙarin iko zuwa Brussels, inda majalisun ƙasashe ba sa iya bin sawu, dole zaɓaɓɓun wakilai su sami ta cewa. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta ba su ikon kafa doka tare da ministoci a wasu fannoni. Ta Amsterdam ta faɗaɗa shi, ta Lisbon kuma, wadda ta fara aiki a Disamban 2009, ta mayar da shi hanyar da ake bi a mafi yawan dokoki, har da noma da kasafin shekara. Haka suka yi da ɓangaren zartarwa. A Maris 1999 Hukumar Tarayyar Turai ƙarƙashin Jacques Santer ta yi murabus baki ɗaya bisa zargin almundahana da son kai, ganin cewa majalisa na dab da tsige ta. A 2004 wakilai suka ƙi Rocco Buttiglione na Italiya a matsayin kwamishina. A takarda ba su da ikon ƙin mutum ɗaya, sai dai su ƙi tawagar duka. Da suka nuna za su yi hakan, aka sauya shi.

A yau majalisar na da kujeru 720 daga ƙasashe 27, ana zaɓe duk shekara biyar. Jamus ce ke da mafi yawa, 96, Malta da Cyprus da Luxembourg kuwa shida-shida, don haka ƙuri'ar ɗan ƙaramar ƙasa ta fi nauyi. Wakilai na zama rukuni-rukuni bisa aƙida: ɗan gurguzun Sifaniya kusa da takwaransa na Jamus, nesa da ɗan ƙasarsa mai ra'ayin mazan jiya. Babu rukunin da ya taɓa samun rinjaye shi kaɗai, shi ya sa kowace doka sai da sulhu. Hukumar ce ke gabatar da ƙuduri, kwamiti ya tace shi a Brussels, a sasanta da ministoci, sannan a kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa, galibi a Strasbourg, inda yarjejeniya ta wajabta zama goma sha biyu a shekara.

Raunin majalisar a bayyane yake. Har yanzu ba ta iya gabatar da ƙudurin doka da kanta, kuma a harkar haraji da tsaro gwamnatoci ne ke da wuƙa da nama. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, yayin da ikonta ke ƙaruwa, masu zaɓe sun riƙa ja da baya: daga kusan kashi 62 cikin ɗari a 1979 zuwa ƙasa da kashi 43 a 2014, kafin adadin ya ɗan haura rabi a 2019 da 2024. Yawanci jama'a na amfani da zaɓen ne su hukunta gwamnatocinsu na gida.

Duk da haka, abin da take zartarwa yana ƙetare teku. Dokar hana sare dazuzzuka da ta amince da ita a 2023 ta shafi koko da roba da manja, wato ta shafi manoman Ghana da Najeriya da Kamaru masu sayar wa Turai. Akwai kuma abin dubawa ga majalisar ECOWAS da ke Abuja da ta Tarayyar Afirka da ke Midrand, waɗanda har yau majalisun ƙasashe ne ke turo musu wakilai, kamar Turai kafin 1979. Zaɓen kai tsaye bai ba majalisar Turai iko nan take ba. Abin da ya ba ta shi ne hujjar neman ikon, sauran kuma ta same shi cikin shekara talatin, a duk lokacin da ta ƙi sa hannu har sai an saurare ta.