Daga Kad Rida Zuwa BVAS: Na'urar Da Ta Sha Fama Da Yatsan Manomi



Duk wanda ya bi layi a rumfar zaɓe a Kankia ko Kusada ranar 28 ga Maris, 2015, ya ga kad rida, na'urar tantance masu zaɓe da INEC ta kawo zamanin Farfesa Attahiru Jega. 'Yar kwamfuta ce da aka ƙera don aiki ɗaya tak. Tana da gangar jiki: batir, makarantin kati da gilashin dangwala yatsa. Tana kuma da manhaja, wadda ke yanke hukuncin ko mai katin ne da kansa.

Masu ƙirar sun yi dabara a wuri guda. Sun san ba kowane ƙauye ke da sabis ba, sai suka adana zanen yatsan mutum cikin katinsa, na'urar ta gwada nan take ba tare da intanet ba. Inda lissafi ya kuskure shi ne yatsan kansa. Manomin da fartanya ta yi wa kanta, tsohuwar da zanenta ya shafe, mai lalle, duk gilashin kan kasa karanta su, kuma komai wayon manhaja ba ta iya gyara hoton da bai fito ba. Ko Shugaba Jonathan sai da na'urar ta ƙi shi a Otuoke. A wasu rumfunan ma, wai ledar da ke kan gilashin ce ba a ɓare ba! Sai aka koma cike takarda da hannu, ƙofar da ake zargin masu maguɗi sun bi.

BVAS, da aka fara gwadawa a 2021, ta ƙara kyamara: in yatsa ya ƙi, a duba fuska. Rajistar rumfar na cikin na'urar, don haka tantancewa ba ta jiran sabis, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba ta ƙarfin doka. A ganina gyara ne na hankali, domin an sauya gangar jikin ne maimakon a ci gaba da matsa wa manhaja.

Amma a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, matsalar ta sake sheƙa. Tantancewa ta fi tafiya daidai, sai dai ɗora hotunan sakamakon shugaban ƙasa a shafin IReV ya ci tura. INEC ta ce tangarɗar daga tsarin shafin nata take, can nesa da na'urar da ke hannun malamin zaɓe, rigimar kuma sai da ta kai Kotun Ƙoli.