Daga Mangalar Taki Zuwa Buhun Zamani

Kafin zuwan takin zamani, da mangala manoman lambu na Gwarzo da Kabo suke raya ƙasarsu. Jakuna ke kai kashin awaki da tokar murhu fadama, shanun Fulani kuma su kwana a gona bayan kaka. Tokar nan dai ita ake barbaɗa wa ganye don korar ƙwari.

Shirin noma na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya karya farashin buhun taki, sai aka fara jingine mangala. A ganina, an yi gaggawa. Da tsutsar sharon ta afka wa tumatirin Kano a 2016, feshi bai kashe ta ba, har masana'antar Ɗangote da ke Kadawa ta rasa abin markaɗawa. Yau ga malaman gona suna koyar da jiƙon darbejiya da sauya shuka.