Fargaba da Rawar Jiki Bayan Shan Gahawa

Rawar hannu, bugun zuciya da fargaba marar dalili da kan biyo bayan shan gahawa aikin sinadarin kafeyin ne. Yana toshe hanyar adenosin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji, sannan yana ƙara sakin adrenalin. Ƙarfinsa kan kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa 60, kuma hanta kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ta kawar da rabinsa. Gahawar la'asar tana nan a jini lokacin kwanciya.

Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta ɗauki miligiram 400 a rana, kimanin kofi huɗu, a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya. Mai juna biyu akan shawarce ta da kada ta wuce 200. Sai dai goro, shayi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, kuma a nan lissafin da yawa ke ɓacewa.

Shan gahawa bayan karin kumallo, a hankali, kan sassauta tasirinta. Nau'in arabika ma ya fi sauƙi, domin robusta ta kusan ninka shi a kafeyin. Idan rawar ta riga ta kama, ruwa ba ya wanke sinadarin. Sai jira, tattaki da jan numfashi a hankali. Dainawa farat ɗaya kan jawo ciwon kai cikin awa 12 zuwa 24, don haka ragewa ake yi sannu-sannu. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, batun asibiti ne.